Wasiƙa Ga Ƙannena Masu Shirin Jan Wasan Labari a Karon Farko

Zuwa ga matasan Aliero, Jega da Maiyama, maza da mata,



 Na rubuto ne saboda waɗanda a cikinku suka ci karo da wasan labari a YouTube, ko suka sauke dokokinsa a waya, abin ya kwanta musu a rai har suka yi wa abokai alkawari: "Ku zo ranar Asabar, ni zan ja muku." Yanzu Asabar ta matso, gaba ya fara faɗuwa. Ko a ɗakin kwanan ɗalibai na jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero za ku shimfiɗa tabarmar, ko a zauren gidanku a Jega, ko a ƙofar shago a Maiyama, wannan takarda taku ce.

Wanda takardar ta faɗa hannunsa bai san zancen ba, ga yadda abin yake. Mutum huɗu ko biyar za su zauna, kowa ya ɗauki mutum guda daga cikin labari ya zama shi: ya yi magana da bakinsa, ya yanke shawara a madadinsa. Mutum ɗaya, wato jagora, shi ke faɗin inda ake da abin da ke faruwa, shi ne kuma bakin duk sauran mutanen da za a haɗu da su a hanya. Idan wani ya tasar wa abin da babu tabbacin zai yiwu, sai a jefa dayis ya raba gardama. A 1974 ne Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da Dungeons & Dragons a Amurka, shi ya buɗe wa irin wannan wasa kasuwa, kuma har gobe shi ya fi suna.

Shiga rigar wani dai ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Yaron da ya yi tashe da azumi ya san yadda ake zama tsoho mai gemun auduga. Samarin karkara sun daɗe suna naɗa wa junansu sarautu a bikin kalankuwa, wannan gwamna, wancan alƙali. Duk wanda kuma ya yi hira a ɗakin kaka ya ji yadda ake kwaikwayon tsamin bakin Gizo. Rabin sana'ar ke nan kun gada. Ragowar rabin ne mai wuya, domin ya saɓa wa gadon. Mai tatsuniya ta san inda Gizo zai kwana tun kafin ta buɗe baki, masu sauraro nasu amsawa da dariya. Jagoran wasa kuwa Gizonsa na zaune a gabansa, har guda huɗu, kowanne da nasa wayon, babu kuma wanda ya yi alkawarin bin hanyar da aka share masa. Idan kuka ɓoye ƙarshen labari a aljihu kuna jan mutane zuwa gare shi ko suna so ko ba sa so, tatsuniya kuka yi musu, kuma za su gane tun ba a yi nisa ba. Duk shawarar da za ta biyo baya daga nan ta fito: ku shirya matsala, ku bar musu ƙarshe.

Ba a fafe gora ranar tafiya, amma shiri ba yawan rubutu ba ne. Shafi biyu sun isa zaman farko. Kuma kada ku wahalar da kanku da gidajen sarakunan Turai da dodanninsu, alhali kuna zaune a kan tarihi. A ƙarni na 19 Jega na cikin manyan kasuwannin Daular Usmaniyya, mahaɗar fatake masu bi ta Yawuri da Bargu zuwa Gwanja sayo goro. To ga matsala: ayari ya dawo daga Gwanja ya sauka a zangon Jega, gobe da asuba zai kama hanyar Kano. Cikin dare sai aka nemi jakuna biyu na madugu da huhunan goron da ke kansu aka rasa. Madugu ya rantse idan gari ya waye ba a gan su ba, yaron da ke gadi zai gurfana gaban alƙali. Shi ke nan, kun samu wuri, kun samu abin da ya ɓace, kun samu lokacin da ke ƙurewa. Wannan na ƙarshen shi ke hana 'yan wasa zama suna hamma.

Sai mutanen gari. Uku sun wadatar: fatoman da ya sauki ayarin, wanda bashi ya yi wa katutu, mai fito a bakin gulbin Zamfara, wanda aka biya ninkin kuɗi a daren ya tsallakar da wani ya kuma kama bakinsa, da mai fura a bakin zango, wadda babu abin da ke wuce idonta amma ba ta magana sai an yi ciniki. Kowannensu ku rubuta masa layi uku kawai: me yake so, me yake ɓoyewa, yaya yake magana. Alamun da za su kai ga gaskiya kuma kada su gaza uku, misali sawun jaki da ya nufi gulbi, ganyen fita da ya zube a bayan gidan fatoma, da sabuwar rigar da mai fito ya kwana da ita. 'Yan wasa za su tsallake ɗaya, su yi wa ta biyu mummunar fahimta, ta uku ce za ta cece ku.

Su kansu 'yan wasan ku tanadar musu mutanensu tun kafin su zo, domin sabon shiga ba ya son a cika shi da lissafi kafin ya ɗanɗana daɗin abin. Rabin takarda ga kowa: jagaban ayari, mai ɗori daga Aliero, maharbi, dillaliya, almajiri mai haramar Gwandu neman karatu. A rubuta abu biyu da mutumin ya ƙware a kai, abu guda da yake tsoro, da dalilin da ya sa makomar yaron nan mai gadi ta dame shi. Suna kuwa a bar wa mai shi ya raɗa. Wanda ya raɗa wa mutum suna ba ya yarda a wulaƙanta shi.

Batun dayis kada ya tsayar da ku. Dungeons & Dragons na dogara ne da wani mai fuska 20, wanda ba a tallarsa a kasuwanninmu, amma na lido mai fuska shida yana ko'ina. Akwai tsarin da wasan Apocalypse World na Vincent Baker ya zo da shi a 2010, wasanni da dama suka ara: a jefa guda biyu a haɗa. Daga 10 zuwa sama, an yi nasara. Daga 7 zuwa 9, an samu amma da tsada. Daga 6 zuwa ƙasa, abu ya ɓaci. Cikin hanyoyi 36 da dayis biyu za su iya faɗuwa, 6 ne kawai ke ba da cikakkiyar nasara, 15 nasara mai tsada, 15 ɓaci. Idan abin na cikin ƙwarewar mutum, a ƙara masa 1 ko 2 a kan abin da ya jefa. Ku lura da wannan na tsakiya, domin a nan labari ke yin kitse. Kuma ba komai ake jefa wa dayis ba. Mai ɗori zai ɗaure karayar yaro cikin natsuwa? Ya iya, a wuce. Zai ɗaure ta cikin kwalekwale mai tangaɗi, ana binsu da kibau? To a jefa.

Bari in nuna muku yadda abin ke kasancewa a kan tabarma. Kun shirya cewa za a bi sawu zuwa gulbi. Sai mai riƙe da maharbi ya gyara zama ya ce: "Ni ba zan bi wani sawu ba. Zan je wurin fatoma in ce masa ni na sace jakunan, in ga yadda fuskarsa za ta yi." Wannan babu shi a takardarku. Kada ku ce ba a haka. Ku tambaye shi: "A gaban mutane za ka faɗa masa, ko za ka ja shi gefe?" Ya ce gefe, bayan zana. Ya jefa, 8 ta fito. Sai ku sauya murya ku zama fatoma: ya zabura, ya ce, "Ƙarya kake yi, ai da idona na..." sai ya dafe baki. Maharbi ya samu abin da ya zo nema, ya san mutumin nan na da masaniya. Tsadar kuwa, ashe yaron madugu na tsugune a bayan zanar, rabin zancen ya ji, ya kwasa da gudu yana ihun an kama ɓarawo. Daga nan sai ku dubi sauran ku ce: "Kuna wurin mai fura kuka ji ihu, kuka ga mutane sun nufi gidan fatoma da sanduna. Me za ku yi?" Babu wanda ya tsara wannan, kuma ya fi abin da kuka tsara. Tambayar nan ta "me za ku yi" ita ce babban makaminku. Ku bayyana wuri da jimla biyu ko uku, ƙamshin goro, kukan jaki, hayaƙin murhu, ku jefa tambayar, ku yi shiru.

Akwai abin da littattafan dokoki na waje ba za su gaya muku ba, wato kunya da girmamawa irin tamu. Idan wa da ƙane suna tabarma ɗaya, ƙanen zai riƙa cewa "duk yadda Yaya ya ce." Idan akwai mai baki a cikinsu, shi zai cinye zaman. Maganin abin shi ne ku riƙa kiran kowa da sunan mutuminsa na labari, kuna ba shi abin da shi kaɗai zai iya. "Dillaliya, ke kaɗai mai fura za ta sake wa baki, me za ki ce mata?" A cikin labari ƙane na iya zama jagaba, wansa ya bi bayansa, kuma babu wanda ya yi rashin ladabi. Mai jin nauyin sauya murya kada a matsa masa. Ya ce "mutumina ya ƙi yarda" ma wasa ne cikakke.

Sai maganar da ba a tsallakewa. Akwai hadisan da suka yi hani ga wasan nardi, kuma malamai da dama sun faɗaɗa hanin zuwa duk wasan da ake jefa dayis a cikinsa. Kada ku yi wa wanda ya kawo wannan magana kallon wanda bai waye ba. Ku tambayi malaminku, ku bi abin da ya ce. Wasan bai rataya a kan dayis ba: kuna iya ba kowane ɗan wasa ƙwayar gyaɗa biyar, duk lokacin da yake son tabbatacciyar nasara ya biya da guda, idan sun ƙare sai ya karɓi abin da jagora ya yanke. Ko sisin kwabo kuma kada ya shiga tsakani, domin ranar da aka sa kuɗi sunan abin ya koma caca. Haka nan batun tsafi da aljanu. A Amurka ma, cikin shekarun 1980, iyaye da majami'u sun tayar da ƙura a kan Dungeons & Dragons saboda irin wannan. Labarin ayarin nan babu boka ko ɗaya a cikinsa, kuma bai rasa komai ba. Idan mahaifi ya leƙo zaure, ya kamata ya ji abin da ba za ku ji kunyar maimaita masa ba.

Kafin a fara, ku ɗauki minti biyar ku tambayi kowa ko akwai abin da ba ya so ya ji a labarin. A jami'a musamman, kuna iya zama da wanda 'yan bindiga suka taɓa garinsu ko suka ɗauke ɗan'uwansa. Abin da wani ya ɗauka nishaɗi, ga wani miki ne ɗanye. Kada ku nemi dalili, ku cire kawai. Kada kuma ku sa sunan malami ko basarake ko ɗan unguwa na gaske a bakin mugun labari, ko ku mai da wata ƙabila ita ce ɓarayi. Wasan taubasai ma yana da iyaka.

Ku tsare lokaci. Awa biyu sun ishi zaman farko, tsakanin La'asar da Magariba ko bayan Isha'i, kuma kiran salla na yi a ajiye komai. Idan lokaci ya ƙure ba a gano jakunan ba, ku tsaya a daidai inda numfashi ya ɗauke, kamar lokacin da kwalekwale ya kai tsakiyar ruwa aka hango fitila a ɗaya gaɓar. Za su dawo da kansu. Idan aka yi saɓani kan doka, ku yanke hukunci nan take, a duba littafi bayan an tashi. Kada kuma ku auna kanku da shirin Critical Role da kuke gani a intanet. Matthew Mercer da abokansa sana'arsu ke nan, da murya suke cin abinci. Ku abokanku kuke tara wa hira, ba kwa buƙatar wutar lantarki ko data, tabarma da takarda da biro sun gama.

Idan an tashi, ku tambayi kowa abin da ya fi yi masa daɗi da abin da yake so ya gani a zama na gaba, ku rubuta, domin shirin mako mai zuwa ke nan sun yi muku kyauta. Bayan zama uku ko huɗu kuma ku miƙa wa wani jan labarin, ku koma cikin 'yan wasa, ku ji yadda jiran a kira mutum yake. Ma'aunin nasararku ba yabon da za a yi muku ba ne. Idan suka fita suna musu a kan hanya, wannan na cewa maharbi ne ya jawo musu, wancan na cewa ai da an bi shawarar dillaliya da tuni an gama, babu ma wanda ya tuna da jagora, to aiki ya yi kyau.

Allah ya ba da sa'a, ya sa hirarku ta zama mai amfani, ya kuma ƙara zumunci a tsakaninku. Ku gaida mutanen gida.

Wassalam,
Yayanku a wannan sana'a.