Makaɗi Na Da Haƙƙin Gwada Sabuwar Hanya

Masu sauraron kiɗa sukan yi fushi idan makaɗin da suka saba da shi ya bar salon da ya ɗaukaka shi ya shiga wani. Labarin Ginger Baker, Baturen Ingila mai buga ganguna, ya nuna cewa irin wannan fushi ba shi da tushe, kuma akwai darasi a cikinsa ga masu kula da al'adu a Jihar Kano.

Baker ya yi suna ne a ƙungiyar Cream tare da Eric Clapton da Jack Bruce, daga 1966 zuwa 1968, inda suke kiɗan rok na samari mai jawo kuɗi. Bayan ƙungiyar ta watse bai tsaya kan abin da kasuwa ke so ba. A 1971 ya ratsa hamadar Sahara da mota zuwa Nijeriya, kuma a wannan shekara aka fitar da faifan da ya yi da Fela. A 1973 ya buɗe ɗakin ɗaukar sauti a Ikeja.

A 1994 ya fitar da faifan Going Back Home, na kiɗan jaz zalla ba waƙa, tare da Bill Frisell da Charlie Haden. Shi Haden yana cikin mutum takwas da suka yi faifan Free Jazz na Ornette Coleman wanda ya fito a 1961. A wannan salo ba a tsara wa makaɗi komai tun farko, kowa yana sauraron ɗan'uwansa yana ba shi amsa nan take. Mai neman abin rawa ba zai same shi a nan ba, amma ta haka ne makaɗi ke gano iyakar abin da hannunsa zai iya.

Makaɗin ƙasar Hausa ba kasafai yake samun wannan dama ba. Mai taushi ko kotso na fada ne, mai kalangu na mahauta ne da gidan biki, mai gangar noma kuwa sai damina. Abincinsa yana hannun ubangida da masu liƙi, su kuwa sunansu suke so su ji. Saboda haka waƙa ce a gaba kullum, kiɗa ɗan rakiya ne. Ko Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, da Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a 2015, baitocinsu ake haddacewa, ba a cika tambayar yadda kalangu da kuntigi suke tafiya a ƙarƙashinsu ba.

Masu suka za su ce kiɗa ba waƙa hayaniya ce ta Turawa. Amma duk wanda ya san take ya san kalangu yana magana da kansa, kuma makaɗa biyu sukan yi zambo da amsa da ganga kaɗai ba tare da an buɗe baki ba. Gwanintar tana nan a ƙauyuka irin su Lajawa ta ƙasar Wudil. Abin da babu shi ne wurin da makaɗi zai buga abin da ransa ke so ba don farantawa wani ba.

Bisa ga haka, ya kamata Rediyon Kano da Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jiha su riƙa gayyato makaɗan karkara, a haɗa mai kukuma da mai gurmi da mai kalangu, a biya su ladan aikinsu, a ɗauki abin da suka buga a adana. Wani ɗaukar ba zai yi daɗi ba, kuma wannan ba asara ba ce, domin da koyo akan iya. Asarar ita ce tsofaffin gwanaye su ƙare ba a taɓa jin abin da ke hannunsu ba sai kirarin masu kuɗi.