A Koya Mana Lissafin Kuɗi

Mu ɗaliban ajin ƙarshe muna da roƙo guda ga malamanmu da iyayenmu: a ware mana awa ɗaya a sati don koyon riƙon kuɗi.

Da yawa cikinmu in an tashi makaranta sai talla, ko zaman shagon baba a kasuwar Maraɗi. Amma ba kowa ya iya raba uwar kuɗi da riba ba. Yarinya ta zuba jikka biyu a sana'ar ƙosai, ta sayar jikka biyu da dala ɗari. Dala ɗarin nan kaɗai ce ribarta. In ta taɓa sauran ta sayi ɗan kunne, gobe da me za a sayo wake da mai?

Wasu za su ce ai wannan aikin lakwal ne. To, a Risala mun karanta babin zakka, mun san ana fitar da ɗaya cikin arba'in in dukiya ta kai nisabi kuma ta shekara. Wanda bai rubuta shiga da fita ba, yaya zai san ta kai? Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, kan rubuta bashi take. Ga zumunci nan yana lalacewa saboda bashin baki da adashin da ba shaida.

Abin da muke buƙata kaye ne da bik, da malamin da zai nuna mana ajiya, rubuta bashi da gudun kuɗin ruwa. Allah ya sa wa nemanmu albarka, amin.