Fathia Ba Gada Ba Ce

Duk sanda hoton Kwame Nkrumah da matarsa Fathia ya sake zagayawa a Facebook, sai ka ga ana rige-rigen yabo: wai aure ne da ya ɗinke Afirka, gada tsakanin Accra da Alƙahira. Ni dai wannan yabon ya ishe ni. Gada ai taka ta ake yi a wuce, ba mai tambayarta ko ta gaji.

Mu duba abin da ya faru. Ranar 31 ga Disamba 1957 aka ɗaura auren a Accra, isowarta ke nan daga Masar. Shi yana da shekara 48, ita ba ta kai talatin ba. Kirista ce 'yar Kibɗawa, Larabci da Faransanci take ji, angon kuwa Turanci. Mahaifiyarta ma ba ta so auren ba. Duk da haka ta zauna, ta haifi Gamal da Samia da Sekou, ta shiga ran matan kasuwa har aka sa wa wani zanen kente sunanta.

Ranar 24 ga Fabrairu 1966 sojoji suka kifar da gwamnati, maigidan yana kan hanyar Hanoi. Ita aka bari da yara uku cikin ƙarar bindiga, sai da Shugaba Nasser ya aiko jirgi ya kwashe su. Nkrumah ya sauka Conakry, Sékou Touré ya karrama shi, ya zauna yana rubuta littattafai. Har ya rasu a Bucharest a 1972 ba su sake haɗuwa ba.

Za a ce gwagwarmaya ce, kuma ana farautar ransa. Na yarda, ban kuma raina abin da ya yi wa Ghana ba. Amma wa ya biya kuɗin wannan gwagwarmaya? Shi ya samu gumaka da tituna, ita ta samu rainon 'ya'ya ita kaɗai. In mun ƙirga nasarorin shugaba muka tsallake abin da ya faru a cikin gidansa, ba tarihi muke yi ba, kirari ne.

Da ta rasu a 2007 aka binne ta kusa da shi a Accra. Bayan shekara 41, kabari ne ya haɗa su. In hoton nan ya sake biyowa ta wayarka, kafin ka tura, ka tuna mutum biyu ne a ciki.