Shafukan da ke biyan kirifto: Wa ke biya, kuma wa ake gani?

A makon jiya ɗan ƙanwata ya turo mini saƙo ta WhatsApp da tsakar dare. "Kawu, ka daina wahalar da kanka a Facebook. Ga sabon shafi, duk abin da ka rubuta za a biya ka da kirifto, kuma ba ruwansu da yawan mabiya, kowa za a ga rubutunsa. Ka yi rajista ta hannuna." Na tambaye shi daga ina kuɗin da za a biya ni zai fito. Ya turo mini alamar dariya, ya ce, "Kawu ke nan! Kai dai ka shiga kafin ta fashe."

Ban ga laifinsa ba, domin kukan da ya kai matasa irinsa ga waɗannan shafuka kuka ne na gaskiya. A shekarar 2024 kamfanin Meta, mamallakin Facebook da Instagram da WhatsApp, ya samu kuɗin shiga sama da dala biliyan 160, kusan dukansu daga talla. Tallan nan kuwa a tsakanin hotunanmu da rubuce-rubucenmu ake cusa shi, da datar da muka saya da kuɗinmu muke kallonsa. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Sai a 2024 Facebook ya buɗe wa masu bidiyo a Najeriya ƙofar samun rabo daga talla. Shafin X ya fara nasa rabon a 2023, amma sai ka biya kuɗin wata-wata, kuma sai an kalli rubutunka sau miliyoyi.

Kuka na biyu ya fi wannan ciwo. Mai sayar da turaren wuta za ta shekara tana tara mabiya, amma in ta sa hoton kayanta, kaɗan ne daga cikinsu za su gani, sai in ta biya an tallata mata. Wani lissafi na na'ura da ake kira algoridim shi ke zaɓar abin da zai bayyana a wayar kowa, kuma abin da ya fi so shi ne abin da zai riƙe mutum a shafin: rigima, gulma da raye-raye.

A kan waɗannan koke-koke biyu sababbin shafukan suka gina alƙawarinsu: za mu biya ka, kuma za mu yi maka adalci wajen nuna rubutunka. Ra'ayina shi ne alƙawuran nan biyu kishiyoyin juna ne. Duk inda aka ɗaura ganin rubutu a kan kuɗi, mai kuɗi ne zai riƙe ragama. Ba hasashe nake yi ba, an riga an gwada.

A 2016 wasu Amurkawa biyu, Ned Scott da Dan Larimer, suka kafa shafin Steemit. Tsarinsa ya burge mutane. Kullum ana ƙirƙiro sababbin kuɗin kirifto mai suna Steem, a zuba a wani asusu, a raba wa marubuta gwargwadon ƙuri'ar yabo da rubutunsu ya samu. Wanda ya kaɗa ƙuri'ar ma yana da nasa kason. Babu edita, babu mai talla, jama'a ce ke yanke hukunci.

Sai dai ƙuri'un ba nauyinsu ɗaya ba. Nauyin ƙuri'arka ya dogara ne da yawan Steem ɗin da ka ajiye a shafin. Attajiri ɗaya in ya danna, rubutu ya haye sahun gaba ya kwashi kuɗi. Talakawa ɗari in sun danna, ko kuɗin kati ba zai fito ba. Ba a daɗe ba marubuta suka gane wa ya kamata su faranta wa rai, aka koma fadanci. Daga baya aka fito da manhajojin sayar da ƙuri'a: ka tura kuɗi, na'ura ta yabi rubutunka, ya hau sama ko da shirme ne. Wato abin da aka guje wa a Facebook, na biya kafin a gan ka, shi aka tarar a can. An gudu ba a tsira ba.

Ƙarshen labarin ya fi ban tsoro. A Fabrairun 2020 attajirin kirifto Justin Sun ya sayi kamfanin Steemit, tare da ɗimbin kuɗin Steem da kamfanin ke riƙe da su. Wakilan da jama'ar shafin suka zaɓa don kula da tsarin suka ji tsoro, suka daskarar da waɗannan kuɗi. A farkon Maris aka wayi gari an tsige su gaba ɗaya, da taimakon wasu manyan kasuwannin kirifto da suka kaɗa ƙuri'a da ajiyar abokan cinikinsu. Jama'a da dama suka yi ƙaura, suka kafa sabon tsari mai suna Hive a ranar 20 ga Maris, 2020. Shafin da aka ce na kowa ne, sai ga shi an saye shi kamar fili.

Sauran gwaje-gwajen ma ba su sauya zani ba. A shafin Minds, kirifton da aka ba ka lada za ka iya kashe shi wajen sayen masu kallon rubutunka, don haka wanda ya fi tara shi ya fi bayyana. Reddit ya gwada raba wa masu amfani da shi irin wannan lada, sannan a Oktoban 2023 ya sanar da soke shirin, farashin ya zube a rana guda. Shafin friend.tech, wanda ya tashi kamar wutar daji a Agustan 2023, ya zama kufai cikin kusan shekara guda.

Yanzu mu koma ga tambayar da na yi wa ɗana. Idan YouTube ya biya mai bidiyo, mun san tushen kuɗin: wani kamfani ya biya kuɗin talla, YouTube ya ba mai bidiyon kashi 55 cikin ɗari. Amma shafin da ke buga nasa kuɗin ya raba, bai ba ka komai ba tukuna sai lamba a allon waya. Lambar ba za ta zama naira ba sai an samu wanda zai saya. To wa zai saya? Idan babu ɗan kasuwa mai talla, babu mai karatu da ke biyan kuɗin shiga, wanda ya rage shi ne sabon shiga mai fatan farashi zai tashi. Ranar da sababbin shiga suka ƙare, ranar ladan ya ƙare.

Mu nan Arewa ba sai an ba mu labari ba. A 2024 mun ga yadda 'yan baiwa suka kwana suna dannar waya a kan Hamster Kombat, wasan da masu shi suka ce ya tara mutum miliyan 300. Da aka yi rabon a ƙarshen Satumba, da yawa abin da suka samu bai biya datar da suka ƙona ba. Hamster wasa ne a cikin Telegram, amma lissafin ɗaya ne: lokacinka da mutanen da ka jawo su ne hajar.

Akwai kuma matsalar da ta shafi mai rubutu da Hausa kai tsaye. A shafin da attajirai ke raba lada da ƙuri'arsu, dole ka yi rubutun da za su iya karantawa. Mafi yawansu ba su san akwai wani harshe Hausa ba. Malamin gona da ke bayanin yadda ake adana wake da Hausa, wa zai yabe shi a can? Ko dai ya koma Turanci ya rabu da mutanen da ke buƙatarsa, ko ya zauna yana magana shi kaɗai.

Adalci ne in faɗi inda masu goyon bayan waɗannan shafuka suke da hujja. Akwai 'yan Najeriya da 'yan Benezuwela da suka ci abinci da abin da suka samu a Steemit da Hive. Kirifto yana sauƙaƙa karɓar kuɗi daga waje, abin da duk wanda ya taɓa jiran dala ta banki ya san wahalarsa. Kuma tsarin da ke ba mai karatu damar tura wa marubuci ɗan ihsani daga aljihunsa, kamar yadda ake yi da Bitcoin a dandalin Nostr, tsari ne mai tsabta, domin an san wanda ya bayar da dalilin bayarwa. Abin da nake suka shi ne a mayar da kuɗin ya zama alƙalin abin da jama'a za su gani.

Adalcin nunawa kuwa ana samun sa ba tare da kirifto ba. Mastodon, wanda aka fara a 2016, yana jero rubutun waɗanda kake bi ne bisa lokacin da aka wallafa su. Bluesky yana barin mutum ya zaɓi tsarin da zai tace masa abin da zai gani, ko ma ya ƙirƙiri nasa. Ba su biyan ko sisi, kuma ba su kai Facebook jama'a ba, amma sun nuna cewa maganin algoridim mai son kai shi ne a miƙa wa mai karatu zaɓi.

Saboda haka kafin ka yi rajista a irin wannan shafi, ka nemi amsar waɗannan: Daga ina kuɗin ladan ke shigowa? Ƙuri'ar mai kuɗi da ta marar kuɗi nauyinsu ɗaya? Nawa masu shafin suka ware wa kansu? Za ka iya cire abin da ka samu yau, ko sai ka jawo mutane, ko ka fara zuba naka? In aka ce sai ka sa kuɗi kafin ka cire, ka tuna da MMM a 2016 da CBEX a 2025, ka rufe shafin.

Da safe na kira ɗan ƙanwar tawa, na ce ya nemo mini amsoshin, in sun gamsar da ni zan yi rajista ta hannunsa. Ya ce, "To Kawu, bari in tambayi wanda ya sa ni." Yau kwana shida ke nan, shi ma wancan yana jiran amsa daga wanda ya sa shi.