Mun Kalli 'Yan Matan Takarazuka, Sai Muka Tuna Da Mairama Da Daudu



Kwanakin baya mun haɗu a wani gidan suna a bayan Kasuwar Wunti. An ci an sha, ana jiran rana ta yi sanyi kowa ta kama gabanta, sai wata 'yarmu mai karatu a jami'a ta miƙo wayarta ta ce, “Mama, ku duba nan ku gaya mini, wannan namiji ne ko mace?” Muka ga wani dogon saurayi cikin baƙar kwat, yana saukowa daga wata doguwar matattakala yana rera waƙa da murya mai kauri. Dukkanmu muka ce namiji ne. Ta yi dariya ta ce duk wanda muke gani a dandalin nan mace ce, har mai gemun da ke gefe. Wayar ta yi ta zagaya hannu zuwa hannu, har ta kai ga babbar cikinmu. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, “To ai wannan Daudu ne, sai dai nasu ya samu gata.” Wannan maganar ce ta sa muka yi wannan rubutu.

Sunan ƙungiyar Takarazuka, sunan garin da take ne a ƙasar Jafan, kusa da birnin Osaka. Wani attajiri mai kamfanin jirgin ƙasa na Hankyu, Kobayashi Ichizo, shi ya kafa ta a 1913. Layin dogonsa yana ƙarewa ne a wannan gari mai maɓuɓɓugar ruwan ɗumi, kamar Wikki tamu ta Yankari, kuma yana neman abin da zai sa mutane su riƙa hawa jirgi suna zuwa. Sai ya tara 'yan mata aka koya musu waƙa da rawa, suka yi wasansu na farko a 1914 a wani wurin ninkaya da aka mayar ɗakin kallo. Abin mamaki, tsohon wasan ƙasar da ake kira Kabuki mace ce ta fara shi, amma a 1629 hukuma ta hana mata hawa dandalinsa, tun daga nan maza ke fitowa a matsayin mata. Takarazuka ta juya lamarin.

Yau suna da rukuni biyar: Fure, Wata, Dusar Ƙanƙara, Tauraro, da Sararin Samaniya wanda aka ƙara a 1998. Babban ɗakin wasansu yana cin mutum sama da 2,500, suna kuma da wani a Tokiyo. Ba a shiga sai ta makarantarsu, wadda ke ɗaukar yarinya 40 kacal a shekara, ta horar da su shekara biyu. A nan ake raba su: wasu su zama masu fitowa a maza, wasu a mata. Mafi yawan masu sayen tikiti kuwa mata ne.

Ba za mu ɓoye muku ba, abin ya kama mu. Mun kalli guntayen wasanninsu da dama, ko kalma ɗaya ba ma ji, amma ba mu rasa gane komai ba. Mun kalli wani sashe na shahararren wasansu da suka fara a 1974, labarin Oscar, yarinyar da ubanta ya rene ta a matsayin ɗa namiji har ta zama shugabar masu gadin sarauniyar Faransa. Mun ga yadda suke rufe wasa: kowa ta sauko daga matattakala mai hawa 26 bisa matsayinta, jarumar rukunin ta zo ƙarshe da tulin gashin tsuntsu a bayanta kamar ɗawisu ya buɗe wutsiya. Amma ba ƙyalƙyalin ne ya fi tsaya mana a rai ba. Yadda mai fitowa a namiji take tsayuwa ne, yadda take gyara hula, yadda take dakatawa ta saurari abokiyar wasanta har ta gama magana kafin ta amsa. Wata a cikinmu ta ce wannan ba namijin da ake gani a kasuwa ba ne, namijin da mata ke fatan samu ne. Muka ce ta yi gaskiya.

To mu dawo gida. Duk wadda ta tashi a cikin garin Bauchi ta haura shekara arba'in ta san abin da ke faruwa idan azumi ya kai kwana goma. Bayan an sha ruwa, yara maza su fito da Tsoho da Gemu da Jatau Mai Magani, 'yan mata kuma su fito da nasu. A tashen Mairama da Daudu, yarinya ɗaya ce za ta zura rigar yayanta ko ta babanta, ta kifa hula, ta zauna a tabarma tana hura hanci. Ɗaya ta zama amarya, saura su kewaye su da kiɗan ƙwarya suna waƙa, suna gaya wa Mairama yadda za ta yi shimfiɗa, ta kawo ruwa, ta kawo abinci. Ba namiji ko ɗaya a ciki, kuma cikin gida ake shiga a yi wa matan aure, su yi ta dariya su ba da hatsi ko 'yan kwabbai. Waƙa ce, rawa ce, kwaikwayo ne, mata zalla. In ba wannan ne abin da muka gani a wayar nan ba, to mene ne?

Kuma ku tuna abin da ke ba iyayenmu dariya. Ba Mairama ba ce, Daudu ne. Yarinya 'yar shekara goma ta kwaikwayi gyaran muryar maigida da yadda yake ɗaga murfin kwano ya yamutsa fuska, kowace mata a tsakar gidan ta gane wanda ake nufi, ba tare da an ambaci sunan kowa ba. Namijin Takarazuka shi ne wanda mata ke buri, Daudu kuwa shi ne wanda suke zaune da shi. Dukansu biyu hanya ce da mata ke faɗa wa junansu abin da bakinsu ba zai iya furtawa a gaban maza ba. Haka kiɗan amada yake. Marigayiya Barmani Choge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013, ta shafe rayuwarta da 'yan amshinta mata da ƙorensu tana yi wa mata waƙa a kan kishiya, haihuwa da neman sana'a, mata kuma suka riƙe ta tasu ce.

Bambancinmu da mutanen Jafan ba na basira ba ne. Su sun gina wa abinsu makaranta da ɗaki, mu mun bar namu a titi, titin kuma ya canza. Uwar da za ta bar 'yarta ta tsallaka shataletalen Wunti da daddare, cikin Keke Napep da 'yan acaɓa, ba ta da yawa yanzu, kuma ba mu ga laifinta ba. A Kano ma rundunar 'yan sanda ta sha dakatar da tashe a 'yan shekarun nan saboda ɓata-gari da ke fakewa da shi. Dandalin da ake gaɗa da farin wata ya zama shaguna. Da muka tambayi 'yan matan da ke gidan sunan ko akwai wadda za ta iya jan waƙar Mairama daga farko zuwa ƙarshe, ba a samu ko ɗaya ba. Amma rawar finafinan Indiya da ta TikTok, duk sun haddace. Ba su muka zarga ba. Yaro ba ya koyon abin da bai gani ba.

Mun san za a ce mana addini ya hana mace ta kwaikwayi namiji, namiji ya kwaikwayi mace. Mun san hadisin, kuma ba mu zo yin fatawa ba. Abin da muke cewa shi ne a kai maganar gaban malaman unguwa, har da malamanmu mata na Islamiyya, su duba ko wasan ƙananan yara a tsakar gida cikin mata ya shiga wannan hani. In sun ce ya shiga, mun bi. Ba rigar Daudu ce kaɗai gadonmu ba: ga Samodara, ga waƙoƙin gaɗa, ga kiɗan ƙwarya. Ko Daudun ma, hula a kan tabarma ta isa ta tsaya a madadinsa. Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne a bar duka su mutu ba tare da an ko zauna an tattauna ba.

Za kuma a ce Mairama ba abin da take koya wa yarinya sai durƙuso da kai kwano. Akwai ƙamshin gaskiya a nan. Amma wanda ya ƙirƙiri waccan waƙa ya duba zamaninsa ne, mu ma sai mu duba namu. Me zai hana a yi wasa a kan yarinyar da aka cire daga makaranta aka ɗora mata talla, ko uwar da bashin kayan ɗaki ya hana ta barci, ko amaryar da waya ta raba ta da mijinta suna ɗaki ɗaya?

Kada kuma a ɗauka duk abin da ke Takarazuka abin koyi ne. 'Yar wasansu ba ta aure sai ta bar ƙungiyar, mu kuwa matan aure da zawarawa da tsofaffi su ne taskarmu. Sannan a watan Satumba na 2023 wata 'yar wasansu mai shekara 25 ta rasu, danginta suka ce aiki ne ya yi mata yawa ga kuma cin zarafi daga na gaba da ita. A watan Maris na 2024 kamfanin ya amsa cewa an ci zarafinta, ya nemi afuwar iyalanta. Duk wasan da sai an karya yarinya kafin ya yi kyau, ba ma son sa a Wunti.

Ga abin da muke roƙo, kuma bai fi ƙarfinmu ba. Na farko, kafin azumi mai zuwa, kowace yarinya mai waya ta zauna da kakarta ta ɗauki muryarta tana rera waƙoƙin tashe da na gaɗa yadda ake yin su a nan Bauchi, domin kowane gari da irin nasa salon. Na biyu, a samu gida ɗaya mai faɗin tsakar gida, ko harabar makaranta, a keɓe dare biyu ko uku bayan goma ga wata, a gama da wuri, mata da yara mata zalla. Na uku, kada a ɗauki hoton 'yar kowa a sa a intanet. Na huɗu, iyayenmu maza da mai unguwa su tsaya mana a ƙofa, su kuma taimaka da fitila da tabarmi. Ba ma neman matattakala mai hawa 26. Ƙwarya biyu da baho na ruwa sun isa.

Tsofaffin da suka san waɗannan waƙoƙi suna raguwa duk shekara. Wadda ta ce mana Daudun Jafan ya samu gata ta yi alkawarin za ta koya wa yara abin da ta tuna, in an kawo mata su. Duk mai gida da zai ba da tsakar gidansa, da duk uwar da za ta kawo 'yarta, su sanar da shugabannin mata na ƙungiya a zama na gaba.

Allah ya kai mu azumi lafiya, ya shirya mana zuri'a, ya zaunar da Wunti da Bauchi lafiya. Amin.