Kiwon Lafiya: Zafin Ƙafa Bayan Aikin Murɗaɗɗiyar Ƙafa

Cikin jarirai dubu, ana haihuwar kamar ɗaya da ƙafa a murɗe, tafinta yana duban ciki. Iyaye da yawa sukan ƙi kai yaro asibiti don tsoron azabar aiki. To, zafin yana nan, amma yana da iyaka, yana kuma da magani.

Masu iya magana sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Bisa hanyar da Likita Ignacio Ponseti na Jami'ar Iowa a Amurka ya bayyana a 1963, ana miƙar da ƙafar jariri a hankali, ana sake mata siminti kowane mako. Daga baya a ɗan yanki agara, a mayar da siminti na mako 3. Zafin wannan ɗan yanka kan lafa cikin kwana ɗaya ko biyu, sau da yawa nonon uwa ma yakan rarrashi yaron.

Yaron da aka bari har ya yi tafiya a kan gefen ƙafa, shi ne kan bukaci babban aiki a wurare irin su Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, ko na Igbobi a Ikko. Nan zafi ya fi tsanani a kwana 2 ko 3 na farko. Likitoci sukan yi allurar kashe zafi tun a ɗakin tiyata, su bi da farasitamol ko ibuprofen gwargwadon nauyin yaro. Sai a ba shi a kan lokacin da aka ƙayyade, kada a jira sai ya ɓarke da kuka. A ɗora ƙafar bisa matashi don kumburi ya sauka. Kada a ba yaro asfirin, ko maganin manya daga kemis.

Akwai zafin da ba a yi masa haƙuri. In yatsu suka yi sanyi, ko suka canja launi, ko suka shige cikin siminti, ko kuka ya ƙi tsayawa bayan an sha magani, mai yiwuwa simintin ya matse hanyar jini ko ya zame. A koma asibiti nan take, ko da tsakar dare ne. Kada a fasa simintin a gida, kada kuma a nufi wurin maɗori.

Allah Ya ba yaranmu lafiya, amin.