SHAFIN GIDA DA GINI: Ɗaki ma ana auna shi

Kowane manomi ya san awon hatsi da tiya. Kowane makiyayi ya san yadda ake duba haƙoran sa a gane shekarunshi. Amma ɗakin da iyali ke kwana ciki, mutane kaɗan ne ke auna shi. Ana duba kyanshi daga waje, a ce ya yi. Sai bazara ta zo, sannan mai gida ya gane abin da ya gina.

Yadda ake yi a ƙasashen sanyi

A Ingila, tun shekarar 2007, akwai takardar awon gida. Idan za a saida gida, ko a bada shi haya, ko an gama sabon gini, sai ma'aikaci mai izini ya yi lissafi. Yana duba bango, da rufi, da ƙasan ɗaki, da tagogi, da abin da ake ɗumama gidan da shi. Sannan ya ba gidan harafi guda, daga A zuwa G. Harafin A kore ne, shi ne gidan da ke riƙe ɗumi da wuta kaɗan. Harafin G ja ne, shi ne gidan da ke cinye kuɗɗin mai shi. Takardar tana aiki shekara 10. A cikinta ana rubuta gyaran da ya kamata a yi.

Wanda ya gina gidanshi da kanshi bai kuɓuta ba. Haka wanda ya ɗauki tsohon ɗakin dabbobi ko ma'ajiyar hatsi ya maida shi wurin zaman mutane. Ana yi masu lissafi tun ginin yana bisa takarda, a sake yi bayan an gama. Sabon gida kuma ana kafa mashi babbar fanka a bakin ƙofa, a ga yawan iskar da ke zurarewa ta kafofi. Tun 2022, mai sabon gini a Ingila sai ya aje hotunan abin da ya sa cikin bango da rufi, don in an rufe bango ba mai ganin cikinshi. Tun watan Afirilu na 2020, a mafi yawan lokaci ba a yarda a bada hayar gidan da bai kai harafin E ba.

Faransa ma tana da irin wannan takarda tun 2006. A can gidan da ba ya riƙe ɗumi ana kwatanta shi da rariya. Daga ranar 1 ga watan Janairu na 2025, doka ta hana a ƙulla sabuwar haya bisa gida mai harafin G.

A can, sanyi ne babban magabci. A ƙasar Nijar zafi ne. Amma tambayar guda ce: bango da rufi suna kare mutanen da ke ciki, ko kuwa? A shekarar 2020 ƙungiyar UEMOA, wadda Nijar ke cikinta, ta fidda ƙa'idodin tattalin wuta a cikin sababbin gine-gine. Amma ɗakin ƙauye, mai shi ne ke gina shi, shi da magini da maƙwabta. Don haka shi ne ya kamata ya zama mai awon ɗakinshi.

Abin da ke sa ɗaki zafi

A watan Afirilu da Mayu, daga Yamai zuwa Damagaram, zafi yakan wuce digiri 40 a inuwa. Bangon ƙasa mai kauri yana shan zafin rana sannu sannu. Kamin zafin ya ratsa ya kai ciki, rana ta yi sanyi. Shi ya sa soron ƙasa ke da daɗin zama da azahar. Da dare bangon yana maido zafin da ya sha, sai a buɗe tagogi iska ta kwashe shi.

Kwanon rufi, wanda ake kira tol, ba haka yake ba. Ba shi da kauri. Da rana ta taɓa shi ya ɗauki zafi, ya zubo shi bisa kan mutane. Da ɗari kuma ba ya riƙe ɗumi ko kaɗan. Bulon siminti mai rami shi ma zafi yana saurin ratsa shi fiye da bangon ƙasa mai kauri.

A ɗauki misalin manomin da ya saida albasa ko wake, ya samu kuɗɗi. Ya rushe rufin azara, ya sa tol, don ya huta da yaɓe kowace shekara. Yana da gaskiya, ya huta da yoyo. Amma da bazara, matarshi mai jego da jinjiri ba su iya zaman ɗakin. Tsohuwarshi ba ta samun barci. Jinjiri da tsoho su ne zafi ya fi yi ma illa, don jikinsu yana saurin rasa ruwa. Kuɗɗin da aka yi tattali a wurin yaɓe sai su tafi gidan likita.

Haka wanda ya maida mangaza ko shago ɗakin kwana. An gina mangaza don buhuna. Ƙofa guda gare ta, ba taga. Buhu ba ya numfashi, mutum yana yi. Duk ginin da aka sake ma aiki, sai a sake duba shi tun daga tushe.

Awo da alƙalami

Aikin yana buƙatar abu 3: ma'aunin zafi irin na ratayawa a bango, da littafi, da alƙalami. Ma'aunin da likita ke sa ma marar lafiya ba shi ne ba. Ƴan makarantar yaƙi da jahilci suna iya haɗa kuɗɗi su sayi guda, ya riƙa zagaya gidaje.

Ana rataya ma'aunin tsakiyar ɗaki, daidai ƙirjin mutum, kada ya taɓa bango. A jira kwatan awa, a rubuta lambar. Sannan a kai shi inuwar icce a tsakar gida, a jira, a rubuta. A yi haka sau 3 a yini: da asuba, da azahar, da bayan isha'i. A yi kwana 7 a jere cikin bazara.

Ga yadda ake karanta lambobin. Idan da azahar lambar ɗaki ta kasa ta inuwar waje, ɗakin yana aikinshi. Idan ta fi ta waje, a fara tuhumar rufi. Idan da asuba waje ya yi sanyi amma ɗaki yana nan da zafinshi, iska ce ba ta samun hanya. Maƙwabta su gwada littattafansu, mai soro da mai tol da mai bukka. Gani ya kori ji.

Tambayoyi 6

Wanda bai samu ma'auni ba, ya tsaya tsakar gida da tsakuwa 6 a hannu. Duk tambayar da amsarta "i" ce, ya aje tsakuwa guda.

1. Rufin na ƙasa ne ko na ciyawa, ko kuwa akwai wani abu tsakanin tol da kan mutane?
2. Bangon yana da kauri, irin wanda ake jera tubali a gicciye?
3. Akwai tagogi 2 masu kallon juna, iska ta shiga nan ta fita can?
4. Akwai ƙananan kafofi can sama kusa da rufi, inda iska mai zafi ke taruwa?
5. Bangon yamma yana samun inuwar icce ko ta rumfa da la'asar?
6. Dogayen bangayen suna kallon arewa da kudu, gajerun suna kallon gabas da yamma?

Mai tsakuwa 5 ko 6 yana da ɗaki na kirki. Mai 3 ko 4 yana da gyara. Mai 1 ko 2 ya fara gyara tun kamin bazara.

Gyara mai arha

Ba sai an rushe ɗaki ba. A kafa rumfar zana a gefen yamma, a dasa icce a bayanta, nesa kaɗan da bango saboda saiwa. A ɗaura tabarmi ko asabari ƙarƙashin tol, a bar fili kamar taƙi guda tsakani. A riƙa duba su saboda gara da ɓeraye, kuma a nisanta su da fitila. Wanda ke da hali ya shafa ma bayan tol farin fenti, don fari yana maida hasken rana. A huda kafofi a sama, a rufe su da ragar waya saboda sauro. Da rana a rufe tagogi, da dare a buɗe.

Da ɗari kuma akwai gargaɗi. Kada a kwana da gawayi mai ci a ɗakin da aka toshe ko'ina. Garwashi yana fidda wata iska mai guba wadda ba a gani, ba ta da wari, kuma tana kisa cikin barci.

Ginin ƙasa ba koma baya ba ne

A Yama, cikin jihar Tawa, magini Falke Barmu ya fara masallacin ƙasa a 1962. A 1986 ginin ya samu kyautar Aga Khan ta duniya. A Cikal, ƙasar Filinge, tun 1980 aka fara ginin da ba ya buƙatar icce: ana naɗe rufi da tubalin ƙasa, ba azara, ba tol. An horar da magina da yawa bisa wannan aiki, giginya kuma ta samu sauƙin sara. A Dandaji, a 2018, Mariam Isufu, masaniyar tsara gini ƴar Nijar, ita da abokiyar aikinta sun maida tsohon masallacin garin ɗakin karatu, sun gina sabo da tubalin ƙasa da aka matse da inji.

Sai dai ƙasa tana tsoron ruwa. Damanar 2024 ta rushe gidaje masu yawa a Nijar. A watan Satumba na shekarar, tsohon masallacin Birni a Damagaram, ginin ƙarni na 19, ya faɗi. Don haka ɗakin ƙasa yana son tudu, da tushe na dutse, da indararo mai tsawo wanda ke jefa ruwa nesa da bango. Yana son yaɓe kamin ruwan fari, musamman bangon gabas inda hadari ke bugu.

Rani ne lokacin buga tubali. Wanda zai yi gini bana ya zauna da magininshi, su bi tambayoyin nan 6 tun ba a haƙa tushe ba. Juya fuskar ɗaki ba ya cin ko dala a ranar da ake shata shi a ƙasa. Bayan an ɗora rufi kuwa, sai rushewa. Hausawa sun ce tun ran gini, tun ran zane.

Makarantun yaƙi da jahilci da suka yi awo suna iya aiko da lambobinsu ga jarida, tare da sunan gari da irin rufin ɗaki. A wata mai zuwa shafin zai yi magana bisa murhu mai tattalin icce.